Dashe a Cikin Leda

Ranar Talata na shiga gonakin bakin daji da sandar awo a hannu, saura kwana tara jami'ar gandun daji ta zo. Ni ne sakataren ƙungiyar masu noma a cikin gandun, aikin da aka ɗora mini tun da na ajiye alli bayan shekara talatin da huɗu a firamaren ƙauyenmu, kusa da Shinyalu. Sharaɗin da muka sa wa hannu ba shi da wuyar ganewa. An ba kowane gida rabin eka a inda aka sare daji shekarun baya, ya noma wake da dankali da masara, amma ya dasa itatuwa ɗari uku a tsakanin kunyoyin ya kula da su. Bayan wata shida a zo a ƙirga. Wanda aka samu ɗari biyu da goma a raye a gonarsa ya ci gaba da noma. Wanda ya gaza, a karɓe a ba na bayansa a layi.

Gona ta goma sha bakwai ta Muhonja ce. Na koyar da ita a aji huɗu, na kuma koyar da mijinta Ingosi shekara uku kafin ita. Layukanta sun fi na kowa miƙewa, ba ciyawa ko ƙwaya, waken ya yi kore shar. Itatuwan ne ba su motsa ba. A gonar maƙwabta itacen lusiola, irin da aka raba mana, ya kai mini ƙugu, nata kuwa bai kai gwiwa ba, ganyen ya yi ɗorawa-ɗorawa, wasu sun bushe ƙayau. Na ƙirga sau biyu. Ɗari biyu da talatin da ɗaya ne ke da sauran rai.

Na durƙusa na tona gindin ɗaya, ina zaton gara ce. Yatsana ya taɓa abu mai santsi. Na ƙara tonawa sai ga baƙar leda, wadda aka reni dashen a ciki, tana nan yadda aka ɗauko ta daga wurin reno. Saiwar ta nannaɗe a ciki kamar gammo, 'yar kaɗan ce ta samu hanya ta hudojin ƙasan. Na tona na biyu, na uku, har na goma. Duk haka.

Muhonja tana can ƙarshen gonar tana tsinkar ganyen wake. Ta ga abin da nake yi. Ba ta tafi ba, ba ta kuma matso ba.

"Zo nan, 'yata."

Ta zo tana goge hannu a zanenta.

"Ranar da aka nuna yadda ake dashe, kina wurin?"

"Ina wurin, Malam."

"Me aka ce a fara yi?"

"A yage ledar."

"To?"

Ta dubi ramin da na tona. "Ai ni ban dasa ba, Malam. Ajiye su na yi. Ba su taɓa ƙasa ba."

Sai a lokacin na haɗa kwanakin. A watan Afrilu aka yi dashe, a watan ne kuma itace ya faɗo wa Ingosi a baya yana saran gawayi a cikin daji. Sati biyar yana asibitin Kakamega, ba a san zai tashi ba. Ya dawo gida da hannuwa masu ƙarfi da ƙafafun da ba sa jin ko tsinin allura.

"Kai ma ka sani, Malam," ta ce. "Mace ba ta dasa itace mijinta na da rai. In ta dasa, shi zai tafi. Ranar nan kowace mace da mijinta ko ɗanta namiji. Ni 'ya'yana uku mata ne, mijina yana kwance an jona masa roba a hanci. Me zan yi? In ban sa su a rami ba a karɓe gonar. In na sa su..."

Na sha faɗa wa yara a aji cewa saiwa ba ta san hannun da ya binne ta ba. Na buɗe baki zan maimaita mata, sai na tuna shekara arba'in ke nan matata ba ta dasa ko itace ɗaya a gidanmu ba, ni kuma ban taɓa cewa ta dasa ba.

Na gaya mata gaskiyar abin da ke tafe. Jami'ar, sunanta Jerono, tana yawo da 'yar wuƙa, takan tona gindi nan da can. Dashen da ta samu a leda ba ya shiga ƙirga, kuma in ta ga ɗaya za ta tona duka. Dole a tono kowane ɗaya, a yage ledar, a warware saiwar, a mayar da shi a danne ƙasa, kuma a yi da wuri don ganyen ya farfaɗo kafin ranar.

"Ni zan yi miki," na ce. "In ɗauko mutum biyu, mu gama a kwana ɗaya."

"Haba, Malam. Jibi a kasuwa me za a ce? Namijin da ya dasa itace a gonar matar wani, ai an san abin da yake nufi. Za a ce an riga an raba gadon Ingosi yana numfashi."

Na san abin da gonar nan take a wurinta. Filinsu na gida ɗaki ne da madafa da kaburbura uku da gindin ayaba biyar. A da takan ɗauko itacen girki daga daji ta kai kasuwa, yanzu shingen waya mai lantarki ya iso bakin rafi, kafin ƙarshen shekara zai rufe ɓangarenmu. Tun ina yaro nake ganin ana canza dabarar tsare dajin nan. An kawo masu gadi da bindiga, mutane suka koyi hanyoyin da masu gadi ba sa bi. An rufe shi gaba ɗaya, gawayi ya yi tsada, sara ya ƙaru. An raba mana amyar zuma, ƙudan suka ƙi shiga rabinsu. Wannan ta noma da dashe ita ce ta farko da na ga daji yana dawowa mutane kuma suna cin abinci. Mutum biyar ne ke ci daga rabin ekar Muhonja.

Da la'asar na je gidansu. Ingosi yana kan katifa a bakin ƙofa yana saƙar kwando, yayansa Lihanda yana zaune a kujera ɗaya tilo da ke gidan. Wani ya gan ni ina tono, labari ya riga ni isowa.

"Malam, sannu da zuwa," in ji Lihanda. "Ka ga abin da nake faɗa tun farko? Da an zo an same ni. Ni ba babba ba ne a gidan nan? Gobe da safe zan shiga in dasa su duka, a rubuta gonar da sunana, su kuma ba zan bar su da yunwa ba."

"Kamar yadda ba ka bar saniyar babanmu da yunwa ba?" Ingosi ya ce, bai ɗaga kai daga kwandon ba. "Har yau tana ƙoshe a cikin cikinka."

"Ka ji ko, Malam? Mutum yana kwance kamar buhu, baki kuwa ya fi na mai shela."

"Buhun nan yana da mata, yaya. Ka jira a binne shi tukuna."

Lihanda ya tashi ya kaɗe wandonsa, ya ce za mu neme shi. Bayan ya fita Ingosi ya ajiye saƙar. Ya daɗe yana kallon matarsa, wadda ke tsaye jikin bango.

"Kin ce mini mazan ƙungiya ne suka dasa wa kowa."

"Da na faɗa maka gaskiya me za ka yi?"

"Ɗari uku? Ɗaya bayan ɗaya, ke kaɗai, a leda?"

"Da yamma, bayan kowa ya tafi."

Ya rufe fuska da hannu. Na zata kuka yake, ashe dariya ce, irin wadda ba ta da daɗin ji. Da ya sauke hannun ya ce, "Malam, baron makaranta yana nan?"

Washegari da hantsi muka shimfiɗa katifa a baro muka ɗora shi. Muhonja ke turawa, ni ina riƙe da ƙafafunsa kada su ja ƙasa. Sa'a ɗaya da rabi muka yi a hanyar da ake yi a rabin sa'a. A bakin rafi muka sauke shi, ta goya shi a baya ta bi ta kan gungumen da ake tsallakawa, na biyo da baron. Mai gadin ƙofar gandun, wanda ya taɓa kama shi sau biyu da gatari, ya leƙo ya ce, "Ingosi, yau kuma me aka zo sara?"

"Yau mayarwa na zo yi, ranka ya daɗe. Ka rubuta, kada ka manta."

Muka raba aikin yadda al'ada ta yarda. Muhonja ta tono dashen da ledarsa ta miƙa masa. Shi yana kwance a gefe guda a kan buhu, ya tsaga ledar da reza, ya yanke saiwar da ta murɗe, ya baza sauran da yatsu, ya sa a rami ya danne ƙasa da tafin hannu. Ni ina ɗebo ruwa daga rafi. In ya gama ɗaya, sai mu kama bakin buhun mu ja shi taku uku zuwa na gaba.

"A hankali, Malam," yake cewa. "Ramuwar bulalar da ba ka yi mini a aji ba ce wannan?"

Ranar farko ya gyara sittin. Ranar ta biyu saba'in, har ruwan la'asar ya kore mu ƙarƙashin wata rumfar leda da muka kafa. Birai masu farar jela suna kan itatuwan bakin daji suna kallonmu. Ingosi ya nuna wani kututture da ciyawa ta rufe ya ce shi ya kayar da wannan, kwana biyu ya yi yana sara, buhu goma sha ɗaya ya fitar. Ya dubi ɗan dashen da ke hannunsa, wanda bai fi kaurin fensir ba.

Ranar ta uku ya yi hamsin da biyar, kuma ya daina ba'a. Da muka juya shi za mu ɗora a baro na ga buhun ya jiƙe. Tsohon gyambon kwanciya da ke ƙugunsa ya buɗe, jan da muke yi masa a ƙasa ya goge fatar, shi kuwa ba ya ji. Muka biya ta ɗakin shan magani. Ma'aikaciyar ta wanke ta ɗaure, ta dube ni da ido ta ce, "Malam, kai ne mai ilimi a cikinsu. Mutumin nan ba zai sake hawa baro ba. In ƙasa ta ƙara shiga wurin nan, jininsa zai ɗauka."

Na yi lissafin a hanya. An gyara ɗari da tamanin da biyar, a cikinsu bakwai sun riga sun langaɓe. Saura arba'in da shida a leda. Ba yadda za a kai ɗari biyu da goma ba tare da su ba. Na je wurin limamin cocinmu, ya ce shi ba ya ganin laifi ko wa ya dasa, amma ba zai iya hana bakin mutane ba. Na roƙi Muhonja ta bari in yi a ɓoye. Ta ce a gonakin nan ko tari ka yi sai an ji a Shinyalu.

Ranar Asabar da na isa gidan, Ingosi ya riga ya ja jikinsa har gindin baron. Jikinsa zafi rau, leɓensa ya bushe.

"Ba za ka je ba," in ji Muhonja.

"To wa zai je? Lihanda?"

"A karɓe gonar."

"A karɓe, mu ci me? Kwando? Ɗaga ni, Muhonja, rana na yi."

Ta dube ni. Na jawo baron. Muka ɗora shi.

Guda tara ya yi. A na goma rezar ta zame daga yatsunsa ta faɗi cikin rami. Ya lalubo ta, ta sake faɗuwa. Ko bakin ledar ba ya iya kamawa. Ya kwantar da kai a ƙasa yana haki. Na cire rigata ta sama na yi masa inuwa.

"Saura nawa, Malam?"

"Talatin da bakwai."

"Muhonja."

"Na'am."

"Ɗauki rezar."

Ta ja da baya kamar ya nuna mata maciji. "A'a."

"Ɗauki, na ce."

"Ba da hannuna ba, Ingosi. Wata shida ina hana wannan. Ka ce in yi komai, ban da wannan."

"To ki dube ni da kyau. Tsoron ki kashe ni ne ya sa kike jana a ƙasa kwana huɗu kamar mushe. In na ci gaba, a layin nan zan ƙare, kin ji abin da matar asibiti ta ce. In kin dasa, wataƙila in mutu, wataƙila in ƙi. Zaɓi wanda ke da wataƙila."

"Uwarka za ta tsine mini daga kabari."

"Uwata ta san yunwa. Miƙo hannunki."

Ta durƙusa. Ya ɗora tafinsa mai zafi a bayan hannunta, suka tsaga ledar tare, suka baza saiwar, suka danne ƙasa. Da za a matsa zuwa na gaba na kama bakin buhun, ya girgiza kai. Ba zai iya jure wani ja ba.

"Je ki," ya ce mata. "Ina nan ina kallo."

Ta matsa taku uku. Ta tono, ta tsaga, ta riƙe dashen tsirara a hannu tana kallonsa har na fara tunanin za ta jefar. Sannan ta sa shi a rami, ta tura ƙasa, ta danne. Ta juyo da sauri.

"Ingosi?"

"Ban mutu ba tukuna. Ci gaba."

Haka suka yi. Ta dasa, ta kira, ya amsa. "Ina nan." "Har yanzu dai." "Wannan ya karkace, ko Malam bai koya miki miƙe layi ba?" Tana ƙara nisa, muryarsa na ƙara raguwa. Ina bin ta da bokiti ina zuba ruwa, hawayenta na ɗiga a kan ƙasar da take dannewa, ba ta tsaya sharewa ba.

A na ashirin da shida ta kira, ba a amsa ba.

Ta kira na biyu. Ta watsar da rezar ta ruga, tana tattake waken da ta yi wata biyu tana reno. Na iso na same ta ta kifa kunne a ƙirjinsa. Yana numfashi, sama-sama, idonsa a rufe. Na jiƙa hankici na shafa masa a fuska, bai farka ba.

"Mu tafi da shi yanzu," na ce.

Ta ɗago. Ta dubi mijinta, ta dubi layin, inda sauran goma sha ɗaya ke jira. Fuskarta ta bushe, ba sauran kuka.

"In na tafi yanzu ba zan iya dawowa in sake ba, Malam. Riƙe masa kai."

Ta koma ta nemo rezar a cikin ciyawa. Ta gama sha ɗayan nan ba ta waiwayo ko sau ɗaya ba. Sannan ta goya shi, ba ta bi ta kan baron ba, har bakin titi, inda muka sami mai babur ya kai su Kakamega.

Kwana huɗun da suka biyo baya ni na riƙa ban ruwa, wannan dai ba wanda ya hana. Kullum da safe in tarar da wani dashen ya sunkuyar da kai, wani kuma ya fitar da ɗan toho ja. Lihanda ya bi gida-gida yana cewa matar ƙanensa ta dasa itace da hannunta, ga shi nan an kwashi mijin ranga-ranga a ranar. Mata biyu da suka saba tafiya gona tare da ita suka canza hanya.

Ranar Alhamis Jerono ta zo da 'yar wuƙarta da takalman roba. Muhonja ta taho daga asibiti da motar farko, ta tsaya a bakin gonar da zanen da ta tafi da shi. Jami'ar ta bi layi-layi, tana lanƙwasa kan kowane dashe, tana kankare ɓawo da farce ta ga ko akwai kore. Ta tona gindi shida, ba leda. Ta tsaya tana duban sabuwar ƙasar da ke kewaye da kowane ɗaya, ta dube ni, ta dubi tarin baƙaƙen ledoji da muka manta a gindin kututture. Ba ta tambaya ba.

"Ɗari biyu da goma sha uku," ta ce. "Sun yi ƙanƙanta ƙwarai, amma suna da rai. Ki riƙe gonarki, mama. In kin kula da su, nan da shekara biyu inuwa za ta haɗe, wake ba zai ƙara yi ba. Lokacin sai ku fita, wurin ya koma daji."

"Mu fita mu je ina?" in ji Muhonja.

"In an buɗe wani fili za a sanar da ƙungiya."

Ta wuce gona ta goma sha takwas. Na rubuta adadin, na raka Muhonja zuwa rafi. Ta ce zazzaɓin ya ɗan sauka jiya, Ingosi ya sha koko cokali biyar, ya tambayi ko an ƙirga. Likita ya ce sai an ga kwana uku masu zuwa.

A bakin gungumen ta tsaya.

"Malam, in ya mutu, ni ce?"

"Ba ke ba ce, 'yata. Gyambo ne, da ƙasa, da itacen da ya faɗo masa."

Ta gyaɗa kai yadda takan yi a aji huɗu in ta haddace amsa ba ta yarda da ita ba. Ta ɗaure zanenta, ta hau gungumen, ta nufi titi ta kai masa labarin.